Baba, na yi wa Allah alkawari sau ba adadi amma ina komawa, ya zan yi?

Ga saƙon da wani matashi ya turo min, ya ce in sakaya sunansa:

"Baba dan Allah ina neman shawara. Shekaruna 24, a gidan masu bi aka haife ni, na yi baftisma, ina cikin ƙungiyar mawaƙa a cocinmu. Amma shekara shida kenan ina fama da kallon bidiyon batsa a waya. Na yi azumi, na yi kuka, na yi wa Allah alkawari sau ba adadi, har a kalanda nake ƙirga kwanakin da ban kalla ba, mafi daɗewa da na taɓa yi kwana 23 ne sai na koma. Yanzu ko Littafi Mai Tsarki ba na iya buɗewa, ji nake kaman munafuki, Jibin Ubangiji ma na daina ci. Anya Allah bai gaji da ni ba?"

Ɗana, sannu. Na karanta saƙonka har sau uku kafin na fara rubutu, kuma ka san abin da ya fi tsaya min a rai? Maganar da ka yi cewa ka daina buɗe Littafi Mai Tsarki, ta fi bidiyon damuna nesa ba kusa ba. Bidiyon zunubi ne, bazan shafa maka mai a baki ba, Yesu da kansa ya ce a Matiyu 5:28 duk wanda ya dubi mace da sha'awa ya riga ya yi zina da ita a zuciyarsa. Amma rufe Littafin da ka yi shi ne babban raunin, dan kaman mara lafiya ne ya ce bazai je wajen likita ba sai ya warke tukuna, to yaushe kenan?

Bari in fara amsa tambayarka ta ƙarshe tunda ita ce ke hana ka barci. A'a, Allah bai gaji da kai ba. Ka buɗe 1 Yohanna 1:9, in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne mai adalci kuma, zai gafarta mana ya tsarkake mu daga dukkan rashin adalci, kuma ka lura da kyau wa masu bi Yohanna ya rubuta wannan wasiƙar, mutanen da sun riga sun san Ubangiji, kamanka. Ka ci gaba kaɗan zuwa 2:1, ya ce ya rubuta musu dan kada su yi zunubi, amma in wani ya yi, muna da mai tsaya mana a gaban Uba, Yesu Kristi mai adalci. Mutumin da Allah ya sallama ba ya kuka kan zunubinsa ɗana, barcinsa yake sha lafiya lau. Wannan zafin da kake ji a ƙirji alama ce Ruhu Mai Tsarki bai sake ka ba. Sai dai baƙin ciki iri biyu ne inji Bulus a 2 Korantiyawa 7:10, akwai wanda ke kai mutum ga tuba da ceto, akwai na duniya mai kaiwa ga mutuwa, kuma hanyar gane su mai sauƙi ce, ka duba inda yake tura ka. Wanda ya tura ka wajen Yesu daga Allah yake. Wanda ya ce maka rufe Littafin, kai ba ka isa ba, ka zauna a kujerar baya ka sunkuyar da kai, wannan muryar mai kai ƙararmu ce, wato Shaiɗan, kuma shi ɗin dai ne ya ce maka da daddare ai ba komai sau ɗaya ne kawai.

Toh yanzu maganar kalandarka. Na fahimci niyyarka mai kyau ce amma ka duba me ke faruwa, ka tashi da safe abu na farko da ya zo maka shi ne yau kwana 9 ban kalla ba, da rana kana cewa kar in kalla kar in kalla, da dare ka kwanta kana addu'a Ubangiji ka hana ni kalla. Daga safe har dare me ke cikin kanka? Abin da kake gudu ɗin. Ko da ƙinsa kake yi, shi dai kake tunani, shi ne a tsakiyar rayuwarka, Yesu kuma yana gefe ya zama kaman mai gadi da kake kira in ɓarawo ya zo. Ka tuna Bitrus a Matiyu 14, ya fita daga jirgi ya taka ruwa da ƙafarsa yana tafiya wajen Yesu, da ya ga ƙarfin iskar sai tsoro ya kama shi ya fara nutsewa. Iskar nan tana kaɗawa tun kafin ya fito daga jirgin fa, ba sabuwa ba ce, inda idonsa yake ne ya canja. Shi ya sa Ibraniyawa 12 da ta ce mu yar da zunubin da ke saurin ɗaure mu, nan take a aya ta 2 ta ce mu zuba ido ga Yesu, ba a raba su.

Akwai wani misali da Yesu ya bayar a Matiyu 12:43-45 da nake so ka zauna da shi sosai. Baƙin aljani ya fita daga mutum, ya yi ta yawo bai sami wurin hutawa ba, ya ce bari in koma gidana da na fito, ya dawo ya tarar da gidan a share, a gyare, amma ba kowa a ciki. Sai ya je ya ɗebo wasu bakwai da suka fi shi mugunta suka tare. Kwana 23 ɗinka share gida ka yi ɗana, ka goge abin da ke wayar, ka yi kuka, ka yi azumi, duk daidai ne, amma wa ka sa a cikin gidan? Lokacin da ka saba kallo, wato ƙarfe sha ɗaya sha biyu na dare, da me ka cika shi? Ba komai, kwanciya ka yi kana kallon silin kana danne zuciya, kuma zuciyar ɗan adam ba ta zama fanko, in ba ka ba ta abin tunani ba za ta nemo da kanta, kuma wanda ta saba da shi za ta fara ɗaukowa. Ka dubi yadda Bulus ke koyarwa a Afisawa 4, tuɓe tsohon hali, sabunta tunani, yafa sabon hali, abu uku ne ba ɗaya ba. Da ya zo kan ɓarawo a aya ta 28 bai tsaya kan ya daina sata ba, ya ce ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Hannun da ya saba ɗauka sai an koya masa bayarwa, in ba haka ba ƙaiƙayi zai yi ta yi.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne. A shekara ta 386 akwai wani malami mai shekara 31 a birnin Milan na Italiya, sunansa Agustin, mutumin arewacin Afirka ne, sha'awar jiki ta ɗaure shi shekara da shekaru, ya san gaskiya yana so ya bi amma ya kasa, shi da kansa ya ba da labari cewa yakan roƙi Allah tsarki amma a ransa yana cewa ba yanzu ba tukuna. Wata rana yana kuka a cikin lambu ya ji murya kaman ta yaro tana cewa ya ɗauka ya karanta, ya ɗauki wasiƙun Bulus, idonsa ya sauka kan Romawa 13:13-14, inda aka ce ku yafa Ubangiji Yesu Kristi, kada ku tanada wa jiki hanyar biyan sha'awarsa. Shekara ta gaba aka yi masa baftisma, daga baya ya zama bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Bana ce maka kowa haka nasa ke zuwa rana ɗaya ba, yawancinmu a hankali ne da faɗuwa da tashi, amma ka lura da ayar da ta kama shi, gefe biyu gare ta, yafa Kristi, sannan ka daina yi wa jiki tanadi.

Bari mu ɗauki na farkon. Da Shaiɗan ya zo wa Yesu a jeji bayan azumin kwana 40, sau uku ya jarabce shi sau uku kuma Yesu ya ce a rubuce yake, kuma duka ukun daga littafi ɗaya ya ɗauko su, Maimaitawar Shari'a, 8:3 da 6:16 da 6:13. Ka yi tunani, a jeji yake, ba naɗaɗɗen littafi a hannunsa, a cikinsa maganar take tun tuni. Ba a fafe gora ranar tafiya ɗana. Ƙarfe sha biyun dare da jini ya hau kuma waya na hannu ba lokacin neman aya ba ne, abin da ka ajiye da rana shi zai fito da dare. Mai Zabura ya yi tambayarka sak a 119:9, ta yaya saurayi zai tsare hanyarsa da tsabta, ya amsa da cewa ta wurin kiyaye ta bisa ga maganar Allah, a aya ta 11 kuma ya ce ya ɓoye maganar a zuciyarsa dan kada ya yi wa Allah zunubi. Zaburar nan aya 176 ce, ita ce sura mafi tsawo a duk Littafin, an raba ta kashi 22 kowanne aya takwas bisa haruffan Ibrananci, kusan kowace aya tana maganar Maganar Allah, kaga mutum ne da ya san da ƙarfinsa bazai iya ba.

Ni matsalata ba irin taka ba ce, tawa fushi ne, bakina ya sha ɓata min zumunci da mutanen da nake ƙauna. Shekaru na yi ina cewa daga yau na daina, ban daina ba. Abin da ya fara taimakona wata 'yar takarda ce, na rubuta Yakubu 1:19-20 da biro na ninke na sa a aljihun riga, kowa ya yi saurin ji, ya yi jinkirin magana, ya yi jinkirin fushi, dan fushin mutum ba ya aikata adalcin Allah. Ina jiran mota in ciro in karanta, ina tafiya in maimaita, har takardar ta yage ta wajen ninkin na sake rubuta wata. Wata rana a gida aka faɗa min magana mai zafi, na buɗe baki zan mayar, kafin kalmar ta fito sai ayar ta riga ta isowa, kaman wani ya dafa min kafaɗa. Na yi shiru, na fita waje na tsaya, hannuna har rawa yake. Ban ci nasara kullum ba daga ranar, amma ranar na gane abin da ake nufi da cewa Maganar rayayyiya ce mai aiki, yadda Ibraniyawa 4:12 ta faɗa.

Amma fa ka ji wannan da kyau, Littafi Mai Tsarki ba laya ba ne. Sa shi ƙarƙashin filo bazai hana ka komai ba, karanta sura biyar da gudu dan ka ce ka cika ƙa'ida ma haka. Shaiɗan kansa ya iya jawo aya, a jejin nan Zabura 91 ya karanto wa Yesu. Kuma a Yohanna 5:39-40 Yesu ya ce wa shugabannin Yahudawa suna ta binciken Littattafai suna zaton a ciki za su sami rai, alhali Littattafan shi suke shaida, su kuma sun ƙi zuwa wurinsa. Dan haka bana so ka tara ayoyin da ke la'antar fasikanci kaɗai kana dukan kanka da su, ka riga ka san laifi ne ai, shekara shida kana sane. Abin da ka rasa shi ne ganin Yesu har ya fi maka abin nan daɗi. Ka fara da Markus, sura 16 ce kawai, kullum ɗaya ko ma rabi, kana karantawa kana tambaya ɗaya, wane irin mutum ne wannan? A sura ta farko ma za ka haɗu da kuturu da ya durƙusa ya ce in ka yarda za ka iya tsarkake ni, Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi, mutumin da ba mai taɓawa. Ka tsaya a wurin, kar ka wuce da sauri, ka juya shi a ranka yini guda, ka mayar da shi addu'a da bakinka. Wannan shi ne bimbinin da Zabura 1 da Joshuwa 1:8 ke magana, dare da rana, abu kaɗan amma a tauna shi sosai.

Sai gefe na biyu, kada ka yi wa jiki tanadi. Anan zan yi maka magana kai tsaye. Ka nemi Littafi Mai Tsarki na takarda, na cikin waya yana da amfani amma ba a gare ka ba a wannan lokacin, dan ƙofa ɗaya ce da abin da ke kashe ka, ka buɗe Zabura saƙo ya shigo, ka taɓa, daga nan sai wani hoto, shikenan an tafi. Wayar ta kwana tana caji a wani ɗaki, ko ka ba wani na gida ya riƙe maka daga ƙarfe goma, in ƙararrawar tashi ce matsalar ka nemi agogo. Shafukan da gurup ɗin da ka san su ne mashiga, ka fita, ba sai ka yi wa kowa bayani ba. Za ka ce abin ya yi tsanani, to Yesu cewa ya yi in idonka na sa ka tuntuɓe ka cire shi, ba wai ka ƙwaƙule ido da gaske ba, nufinsa abin da ke jawo ka ka rabu da shi ko da yana da zafi. Yusufu a Farawa 39 bai tsaya yi wa matar Fotifar wa'azi ba ranar da ta kama rigarsa, barin rigar ya yi ya gudu waje, Bulus ma ya ce wa Timoti ya guje wa sha'awar ƙuruciya, gudu ya ce, 2 Timoti 2:22, kuma ko a nan ya haɗa da bin adalci da bangaskiya da ƙauna da salama tare da masu kira ga Ubangiji da zuciya mai tsabta.

Ka kuma duba me ke faruwa kafin ka faɗi, ruwa ba ya tsami banza. Dawuda a 2 Sama'ila 11 lokacin da sarakuna ke fita yaƙi shi ya zauna a Urushalima, da yamma ya tashi daga gado yana zagaye a kan soro, daga nan ido ya kai kan Batsheba, matar wani, tana wanka. Kai naka mene ne? Kaɗaici ne, ko gajiya, ko ranar da aka ɓata maka rai, ko damuwar rashin aiki? Sau da yawa mutum ba sha'awa ce ta fara kai shi ba, wani ciwo yake nema ya manta. In ka gano shi sai ka kai wa Allah shi ɗin da sunansa, Zabura cike take da mutanen da suka yi haka.

Akwai kuma abin da na san ba ka so ka ji, sai ka faɗa wa wani. Ni ka rubuto min amma ban san fuskarka ba, bazan iya kiranka ranar Talata da dare in ce ya ake ciki ba. Yakubu 5:16 ta ce ku furta wa juna zunubanku ku yi wa juna addu'a dan ku warke. Ka nemi namiji ɗaya, wanda ya girme ka cikin bangaskiya, mai riƙe sirri, fasto ne ko dattijon ikilisiya ko wani yayanka cikin Ubangiji, ba kowa ba fa, mutum ɗaya mai hankali. Kunyar minti goma ce, kuma zai yi wuya ka zama na farko da ya taɓa faɗa masa irin wannan. Zunubin nan a duhu yake ƙiba. In kuma ka ga abin ya kai yana hana ka barci da aiki ko karatu, ko baƙin ciki ya yi maka yawa har kana tunanin cutar da kanka, ka nemi ƙwararren mai ba da shawara ko likita ba tare da jinkiri ba, wannan ba rashin bangaskiya ba ne sam.

Maganar Jibin Ubangiji ka kai ta wajen fastonka ku zauna, amma ka karanta 1 Korantiyawa 11:28 da idonka, cewa aka yi mutum ya gwada kansa sannan ya ci, ba a ce ya gwada kansa ya gudu ba. Teburin nan na masu zunubi ne da suka tuba. Wanda ke riƙe da zunubinsa yana jin daɗinsa ba ya niyyar saki shi ne ya kamata ya ji tsoro.

In ka sake faɗuwa fa? Bana fata, amma zai iya faruwa, kuma abin da za ka yi washegari da safe shi ne zai nuna inda aka dosa. Kar ka jira kwana uku sai ka ji ka ɗan tsarkaka kafin ka yi addu'a, a safiyar nan da kunyar da komai ka buɗe Zabura 51, addu'ar Dawuda ce bayan annabi Natan ya tone shi kan Batsheba, ka karanta ta a bayyane har inda yake roƙon Allah ya halitta masa zuciya mai tsabta ya mayar masa da farin cikin ceto, ka kira mutumin da ka zaɓa ka faɗa masa, sannan ka koma Markus daidai inda ka tsaya jiya. Bulus da ya yi kukan nan a Romawa 7, abin da nake so ba shi nake yi ba, abin da na ƙi shi nake yi, bai tsaya a can ba, ya shiga sura ta 8 da cewa yanzu babu hukunci ga waɗanda ke cikin Kristi Yesu, ka haddace wannan ma. Kalandar kuma ka daina ƙirga kwanakin da ba ka kalla ba, in dole sai ka yi alama to ka yi ta a ranakun da ka zauna da Maganar.

Yau da daddare ɗana, ka kai wayar waje, ka ɗauko Littafin ka kakkaɓe shi, Markus sura ta 1, aya ta 40 zuwa 42 ka rubuta a takarda ka sa a aljihu. Bayan sati biyu ka sake rubuto min, ina so in ji me ka gani game da Yesu a surorin da ka karanta da kuma ko ka sami mutumin da za ka faɗa wa. Ina sa ka cikin addu'ata daga daren yau.